Katin lamba 2147483647: inda aikin ya kai

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan rubutun ne don kada in manta inda na tsaya. A ƙungiyar lissafi ta makarantar da nake koyarwa mun yanke cewa wannan zangon lamba ɗaya tak za mu ɗauka mu yi mata kati a babban kwali mu manna a bangon aji, kamar katin shaida, a rubuta gidajen da take ciki da waɗanda aka hana ta shiga. Lambar da na zaɓa ita ce 2147483647. Idan ka jera 2 guda 31 ka ninka su duka sannan ka cire 1, ita za ka samu, wato 2^31 − 1.

Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne babu abin da zai hau kwalin nan sai na gwada shi da hannuna kuma na san dalilinsa, don a intanet jerin laƙabin lambar nan yana nan birjik, wannan ya kwafa daga wancan, yaro ya haddace ya tafi bai ƙaru da komai ba.

Abu na farko dai shi ne firam ce, ma'ana babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Yau na yi masu sauƙin. Ƙarshenta 7 ne, saboda haka 2 da 5 sun fita. Jimillar alƙalumanta 46, 3 ma ta fita. Don a tabbatar gaba ɗaya ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba, iyaka 46340, saboda 46341 sau 46341 ya riga ya wuce ta, kuma duk lambar da ta rabu gida biyu dole ɗaya daga cikin biyun ya kasance bai wuce wannan iyakar ba. Firam ɗin da ke ƙasa da 46340 guda 4792 ne. Ga waya wannan ba komai ba ne amma ni so nake in bi hanyar mutumin da ya fara yi ba waya ba kwamfuta.

Lahadi, 5 ga Janairu

Mutumin shi ne Leonhard Euler, a 1772 yana zaune a Rasha ya rubuta wa masanin lissafi Daniel Bernoulli wasiƙa cewa ya tabbatar lambar firam ce, kuma a lokacin idanunsa kusan sun tafi gaba ɗaya. Tun safe nake kan dabararsa, sanyin hunturu ma ya taimaka don ban fita ko'ina ba.

Ga yadda na fahimce ta. A ce wata firam q tana raba 2^31 − 1. To idan kana ninka 2 kana ɗaukar saura bayan ka raba da q, a mataki na 31 za ka dawo kan 1, kuma tunda 31 ita ma firam ce ba za ka taɓa dawowa kafin nan ba. Ƙa'idar Fermat kuma ta ce a mataki na q − 1 ma dole ka dawo kan 1, ke nan 31 tana raba q − 1, kuma q ba ta rabuwa da 2, ke nan 62 ce ma take raba q − 1. Wannan kaɗai ya zubar da kusan kowa. Sai mataki na biyu wanda ya fi burge ni: 65536 sau 65536 shi ne 2^32, saurarsa kuma 2 ce idan aka raba da q, ma'ana 2 sikwaya ce, wato abin da ake samu in an ninka wata lamba da kanta, a lissafin saura na q, hakan kuwa ba ya faruwa sai idan q ta bar saura 1 ko 7 in an raba ta da 8. Ka haɗa sharuɗɗan biyu sai ka ga q dole ta zama 248n + 1 ko 248n + 63. Na ƙirga, irin waɗannan ƙasa da iyakar 373 ne, in ka tsince waɗanda ba firam ba ko ɗari ba su kai ba.

Ta farko ita ce 311. Na yi rabawar a takarda da biro, 6905092 saura 35. Na yi ta 1303 da 1489 su ma duk da saura, sannan na bar wa Python, harshen rubuta kod, a waya ya ƙarasa, babu wadda ta raba. Layi na farko ya hau kati. Har zuwa 1867 babu wata firam da aka tabbatar da ta fi wannan girma, kusan shekara ɗari tana riƙe da kambun.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau na sha wuya. Na so in sake tabbatarwa ta hanya ta biyu, gwajin Lucas da Lehmer, wanda aka yi shi musamman don lambobi masu siffar 2^p − 1. Ka fara da 4, kowane mataki ka ninka lambar da kanta ka cire 2 ka ɗauki saura, idan bayan mataki p − 2 ka sauka kan sifili to firam ce. A nan mataki 29 ke nan kawai. 4, 14, 194, 37634, 1416317954, daga nan ake fara ragewa.

Na zuba shi a manhajar tebur ta kwamfutar ofis don yara su ga layi-layi, sai ƙarshen ya ƙi zama sifili, na sake na sake har wuta ta ɗauke, na dawo gida raina a jagule ina tunanin ko ban fahimci gwajin ba ne. Bayan isha'i na gano matsalar. Manhajar alƙaluma 15 kawai take riƙewa daidai, shi kuwa 1416317954 in ka ninka shi da kansa alƙaluma 19 yake bayarwa, sai ta share na ƙarshen ta sa sifili-sifili ba tare da ta ce komai ba, kuma a lissafin saura na ƙarshen nan su ne komai. A Python layi huɗu ne, ya sauka kan 0 tsaf.

Lambar da ta zo dab da sifilin ita ce 65536, wadda na haɗu da ita ranar Lahadi. Na tsaya na duba, ashe dole ne ta zama ita ko kishiyarta, don 65536 sau 65536 a cire 2 daidai yake da lambarmu sau biyu. Wannan zan nuna wa yara a allo.

Asabar, 11 ga Janairu

Zaman ƙungiya na farko. Mun rubuta gidaje uku.

Gidan Mersenne, wato firam masu siffar 2^p − 1, ita ce ta takwas a ciki, p ɗin su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, sai 31. Na sa su gwada p = 11 don kar su ɗauka duk p firam tana ba da firam, suka samu 2047 wanda 23 sau 89 ne. Shi Marin Mersenne ɗin malamin coci ne a Faransa, a jerin da ya fitar a 1644 ya sa 31 kuma ya dace, amma ya sa 67 da 257 waɗanda ba daidai ba ne, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107.

Gida na biyu ƙarami ne sosai, Mersenne mai hawa biyu, don ita kanta 31 ɗin 2^5 − 1 ce. Guda huɗu kawai aka sani a duniya, 7, 127, tamu, sai 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 wadda Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876.

Na uku ba ita ce a ciki ba amma ita ta haife shi. Ka ninka ta da 2^30 ka samu 2305843008139952128, cikakkiyar lamba ta takwas, irin su 6 da 28 da in ka tara masu raba su ban da su kansu sai su dawo maka daidai. Wata ɗaliba ce ta lura cewa wannan daidai yake da ka tara 1 + 2 + 3 har zuwa 2147483647, na duba da fomular da muka koya musu a aji ɗaya, haka ne kuwa, na ji daɗi ƙwarai.

Wani yaro ya ce Malam wai wannan ce babba? Na gaya masa gaskiya, a yau ba babba ba ce. A watan Oktoban 2024 Luke Durant a ƙarƙashin GIMPS, aikin haɗin gwiwa na neman firam ɗin Mersenne da kwamfutoci ta intanet, ya gano 2^136279841 − 1, alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne. Amma gwajin nan na 4, 14, 194 da muka yi ranar Laraba shi aka yi mata wajen tabbatarwa, bambancin yawan matakai ne da girman lambobin. Tamu kuma girmanta daidai inda hannu zai iya taɓa ta, shi ya sa na zaɓe ta.

Laraba, 15 ga Janairu

Gefen kati na gidajen da ba ta ciki. Na zata zai zama aikin gundura, sai ya zama shi ya fi koya min abu, don kusan kowace ƙofa siffar nan ta 2^31 − 1 ce take rufe ta, ba sai an kunna waya ba.

Ba ta da tagwai. Ƙara mata 2 ka samu 2^31 + 1, kuma duk 2 mai fawa mara, wato 2 da aka jera sau adadin da ba ya rabuwa da 2 aka ninka, ka ƙara 1 tana rabuwa da 3, a nan 3 sau 715827883. Cire 2 kuma ƙarshen ya zama 5. Maƙwabtanta na kusa su ne 2147483629 a ƙasa da 2147483659 a sama, tazarar 18 da 12.

Ba ta gidan Sophie Germain, inda ake so in ka ninka firam biyu ka ƙara 1 ka sake samun firam. Tamu tana ba da 2^32 − 1, wato 4294967295, shi kuwa ya farfashe zuwa 3 × 5 × 17 × 257 × 65537. Na daɗe ina kallon wannan layin, don waɗannan biyar ɗin su ne duk firam ɗin Fermat, masu siffar 2^(2^n) + 1, da aka sani, sun jeru reras a wuri ɗaya. Ta ɗaya gefen ma haka, cire 1 ka raba biyu ka samu 2^30 − 1 wanda 3 ke rabawa, ke nan ba ta cikin waɗanda masu harkar sirrin bayanai ke kira firam mai aminci. In ka juya alƙalumanta baya kuma 7463847412 ce, mai ƙarewa da 2, shi ke nan. A binari kuwa, wato rubutun lamba da 0 da 1 kawai, juyawa ba ta canza ta, 1 ce guda 31 a jere.

Akwai abu ɗaya da na bari a fensir tukunna, matsayinta a jerin firam, ta 105,097,565. Wannan sai na tace lambobi sama da biliyan biyu kafin in ce na ƙirga da kaina, wayata ba za ta ɗauka ba, sai na samu kwamfuta da wuta mai tsayawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na jira wannan ranar da gangan. Shekara 13 cif daga yau, 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar, daƙiƙoƙin da aka ƙirga tun 1 ga Janairun 1970 za su cika 2147483647. Ita ce lamba mafi girma da ma'ajin bit 32 mai alamar ƙari da ragi zai iya riƙewa, duk na'urar da har lokacin take ƙirga lokaci da wannan tsohon tsarin za ta juye ta koma Disambar 1901. Amma na rubuta a kati da jan biro cewa wannan ba don firam ce ba, don dai 1 ce guda 31 a binari. Mutane suna cakuɗa biyun.

Inda zamanta firam yake da aiki shi ne nan. Cire mata 1 ka farfasa: 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Na ninka su a takarda sun dawo daidai. Da wannan za ka iya gane wace lamba ce in kana ninka ta da kanta kana ɗaukar saura za ta zaga duk lambobi daga 1 zuwa 2147483646 kafin ta dawo gida. 2 ba ta zuwa ko'ina, mataki 31 ta dawo. 7 kuwa tana zagawa duka, kuma ba sai ka bi ta mataki biliyan biyu ba, gwaji bakwai ne kawai, ɗaya ga kowace firam a farfasawar can, na yi babu wanda ya ba da 1. Daga nan 16807 ta fito, wato 7^5, wadda Park da Miller suka ba da shawarar a riƙa amfani da ita a 1988 wajen samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a kwamfuta. Dalilin da fawa 5 bai lalata zagayen ba yana nan a fili, babu 5 a cikin farfasawar.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sikwaya. In ka raba ta da 4 saura 3, ke nan ba za a taɓa rubuta ta a matsayin sikwaya biyu a haɗe ba, wannan kuma shi ya sa ta zama firam har a lambobin Gauss, masu siffar a + bi inda i shi ne tushen sikwaya na −1. In ka raba da 8 saura 7, sikwaya uku ma ba za su yi ba, yara za su iya gani da kansu don sikwaya saurarta a 8 ba ta wuce 0 ko 1 ko 4, ka ɗauki uku duk yadda ka so ba za ka haɗa 7 ba. Huɗu kuwa Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa suna isar kowace lamba.

Ina shirin rubuta kod na neman huɗun sai na ce bari in fara da wani abu daban. Saurarta a 3 ita ce 1, irin waɗannan kuma ana rubuta su x² + 3y². Daƙiƙa ɗaya waya ta ba ni 46162² + 3 × 2349². Na bi da biro: 2130930244 da 16553403, jimilla 2147483647. Sai na ga ai ga sikwaya huɗun nan a hannuna, 46162 sau ɗaya, 2349 sau uku, ban ma nema ba. Wannan rubutun kuma shi ne shaidar cewa a lambobin Eisenstein, 'yan'uwan na Gauss da aka gina da tushen sikwaya na −3, ta rabu, can ba firam ba ce. Lamba ɗaya, a gidan Gauss ta tsaya ƙyam, a gidan Eisenstein ta fashe biyu, kuma duk abin da ya yanke hukuncin saurar 4 ce da saurar 3.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wannan satin bai bar ni na yi barci sosai ba. Tunda saurarta a 7 ita ce 1, na gwada x² + 7y², y ba zai wuce 17515 ba, ya fito 43968² + 7 × 5533². To sai na ce bari in gwada ƙannenta na gidan Mersenne masu irin wannan saurar.

127 = 8² + 7 × 3²
8191 = 48² + 7 × 29²
524287 = 720² + 7 × 29²

Ku dubi x ɗin, 8, 48, 720, 43968. Duka 8 tana raba su. Na ce ai wannan ma irin na ranar 15 ne, saura ce za ta bayyana shi cikin layi biyu. Na zauna, y dole mara ce, sikwayarta saura 1 a 8, ke nan x² dole 8 ta raba ta, ke nan 4 tana raba x. Nan na tsaya cak. 4 na samu, ba 8 ba. Na hau zuwa 16, 32, 64, ƙofar ta ƙi rufuwa, har na samo misalin da ya nuna min ba za ta rufu ta nan ba: 191 firam ce, saurarta a 64 ita ce 63 daidai da tamu, amma 191 = 4² + 7 × 5², x ɗinta 4 ne kawai. Ke nan abin da ke tilasta 8 ɗin nan ba saura ba ce, wani abu ne da ya shafi zaman lambar Mersenne kanta.

Duk sauran layukan kati na san daga ina suka fito, wannan ne na farko da nake gani da idona, na tabbatar gaskiya ne a kan lambarmu, amma dalilin ya fi ƙarfin kayan aikin da ke hannuna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na bincika, ashe ba ni na fara gani ba. Franz Lemmermeyer ne ya lura da shi, Hendrik Lenstra da Peter Stevenhagen suka tabbatar da shi a 2000 ta hanyar ƙa'idar Artin, wadda take can cikin zurfin nazarin lambobi. Na fara karanta hujjar, na gane shafukan farko, na ga inda tushen sikwaya na 2 ya shigo wanda ya tuna min da 65536 ɗin nan, daga nan sai a hankali. Na ware daren Talata da Alhamis don wannan.

Na kuma so in ga ta gaba da idona, 2^61 − 1. Neman y ɗaya bayan ɗaya ya wuce miliyan ɗari biyar, na bar waya tana yi har ta yi zafi caji ya ƙare ba ta kai ko'ina ba. Sai na koyi dabarar Cornacchia, ka nemo tushen sikwaya na −7 a lissafin saura sannan ka bi hanyar rabawa ta Euclid ka tsaya a tsakiya, nan take ta ba ni x = 910810592, y = 459233379. Na raba x da 8, 113851324, ba saura. Na koma na gwada dabarar a kan 2147483647 ta dawo min da 43968 da 5533 ɗina.

Mun yi shawara da yara a zaman yau kan ko layin 8 ɗin zai hau kati tunda sharaɗi ya ce sai mun san dalili. Suka ce a raba shi biyu, 43968² + 7 × 5533² da maganar 4 su hau da maka don mun tabbatar, maganar 8 kuma a rubuta ta da fensir a gefe kusa da 105,097,565. Haka muka yi. Yanzu layi 14 ne da maka, biyu da fensir. Wani abokin aikina ya ce zai ara min kwamfutarsa ranar Asabar mai zuwa, na riga na rubuta kod ɗin tacewar gida-gida, miliyan goma-goma, don kada ma'ajin ya cika, na gwada shi zuwa miliyan ɗari ya ba ni 5,761,455 wanda shi ne adadin da ya kamata.